Yayana da Hanyar Damisa

Na Allah ne mu, kuma gare Shi komawarmu take. Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya riga mu gidan gaskiya ranar wata Talata bayan la'asar, a ɗakinsa da ke gidanmu na gado a nan Jibiya. Kwana uku muka yi zaune a ƙofar gida muna karɓar gaisuwa, tabarmi har bakin titi, manyan motocin da ke tafiya Maraɗi suna rage gudu in sun zo daidai mu.

Kowa ya zo da abin da ya sani game da shi. Liman ya ce tun da yake jan salla a unguwar bai taɓa waiwayowa da asuba ya rasa shi a sahun farko ba. Wani dattijon Bafulatani ya tako a ƙafa daga rugarsu ta wajen Kusa, ya zauna can gefen tabarma, da aka tambaye shi alaƙarsa da mamacin sai ya ce shi dai akuya ce ta haɗa su. Aminin Yaya, wani tsohon maharbi daga Madarumfa, ya tsallako iyaka tun da safe. Ya ce 'yan duwan, wato kwastan na Nijar, ba su ma nemi takardarsa ba da suka ji inda za shi. Ya gaisa da kowa hannu biyu-biyu, da ya zo kaina sai ya miƙo mini kan yatsunsa kawai, ya wuce.

Sauran jama'a kuwa magana ɗaya suke ta maimaita mini. "Alhaji, kai kam ka fita haƙƙin zumunci. Kai ka kai shi Makka." Duk wanda ya faɗa sai in ce amin, in sunkuyar da kai, su kuwa su ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina. Kunya ce, ba kuka ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don a san wane ne Yayana, a kuma san abin da na yi masa da hannuna.

Mutum ne dogo, siriri, marar yawan magana. Shekara goma sha biyu ya ba ni a duniya, kuma har na yi furfura, har na mallaki manyan motoci, bai taɓa kirana da wani suna ba sai Auta. A gaban direbobina ma haka yake kirana, raina na ɓaci, shi ko a jikinsa. In yana tafiya idonsa a ƙasa yake. Baƙi kan ɗauka tsananin kamun kai ne, alhali karatun sawu yake yi. Zai shigo gida ya ce wa mai ɗakinsa, "Ƙanwarki ta zo da goyo, ta kuma tahi da sauri," tun kafin kowa ya buɗe baki. Mu da muka tashi a gabansa ba mu taɓa iya satar fita ba. Kalmar da na fi ji a bakinsa tun ina ƙarami ita ce, "Duba ƙasa, Auta."

Harbi ya gada wajen kawunmu, kuma a ƙuruciyarsa ya kashe damisa ba ɗaya ba, ba biyu ba, don a lokacin fatarta na da daraja. Abin da ya sa ya daina ba wa'azi ba ne. Wata shekara maharba suka ƙarar da damisun da ke wajen Kusa, aka yi ta murna, sai damina ta kewayo birai suka sauko gari guda suka cinye wa mutane dawa tun tana tsaye. Yaya ya je ya gani da idonsa, ya dawo ya rataye bindigarsa a kan ƙusa. Ya ce ashe mai gadi suka yi ta kashewa.

Baba ya bar mana gona a kan hanyar Daddara, ba mu raba ta ba, tare muke nomawa. A ƙarshenta ta arewa akwai wani kurmi da ya bi gefen ƙorama, cike da sarƙaƙiya da magarya da wata tsohuwar kanya a tsakiya. Ƙoramar daga ƙasar Nijar take gangarowa, ta bi ta ƙarƙashin gadar titi, ta nufi kudu. Can arewa akwai dajin Baban Rafi, can kudu akwai dajin Rugu, tsakaninsu kuwa gonaki sun cinye ko'ina, ba abin da ya rage na duhuwa sai wannan siririn kurmin. Wajenmu shi ne wuyansa, inda ya fi ƙanƙanta. Duk dabbar da za ta bar wancan daji zuwa wannan ba tare da an gan ta ba, dole ta bi ta bayan gonarmu. Yaya yana kiran wurin hanyar baƙi.

Ga yadda yake aikinsa, wanda ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda ke biyansa. Kullum bayan la'asar sai ya sauka cikin ƙoramar da reshen geza, ya share yashin da ke ƙarƙashin gadar ya yi sumul. Washegari in an idar da asuba, gari ya yi haske, sai ya koma ya duba wa ya wuce. In ya ga sawun damisa sai ya tsuguna, ya tsinko tsinken ciyawa, ya auna faɗin dagin, ya karya daidai nan. Tsinken wadda ta nufi kudu sai ya ƙulla masa kai, na wadda ta nufi arewa ya bar shi haka. Ya kawo gida ya soke a jinkar zaure. Da waɗannan tsinkayen ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wanda ya wuce bai dawo ba, ya san wadda ta dawo da ɗa a bayanta. In direba zai shiga Nijar sai ya ba shi saƙon baka zuwa ga amininsa na Madarumfa, shi ma ya aiko da nasa. Tsofaffi biyu, ba mai takardar gwamnati a cikinsu, amma sun fi kowa sanin abin da ke tsallaka iyakar nan.

Ni dai abin dariya na ɗauke shi. Wata rana ina shirin tafiya kasuwar Maraɗi sayen rago, na ce masa, "Yaya, wai mi ruwanka da inda damisa za ta? Ta zauna dajinta mana."

Ya ce, "Kai mi za ka yi Maraɗi?"

"Rago zan sawo wa tumakina."

"Garkenka ba raguna?"

"Akwai, amma duk ɗiyan gida ne. In na bar su suna barbarar uwayensu da ƙannensu, 'ya'yan sai su riƙa hitowa ƙanana, ba ƙwari."

"To ita wa za shi sawo mata?" Ya gyara zama. "Namijin damisa in ya tasa, uwar korar shi take. Sai shi kama hanya, shi bar dajin da anka haihe shi, shi tahi wani. Bai san kwastan ba, bai san duwan ba. Na Baban Rafi shi zo Rugu, na Rugu shi tahi Baban Rafi, jini shi sake. Ranar da hanyar ga ta toshe, kowane daji sai shi ci kanshi."

Na gane sarai, kada wani ya ce jahilci ne ya sa na yi abin da na yi daga baya.

Maganar akuyar Bafulatanin nan kuwa, a shekarun fari ne. Namun daji sun yi ƙaranci, wata damisa ta kama masa ɗan maraƙi. Ya rantse sai ya zuba guba a sauran naman, don in ta dawo ci ta mutu. Labari ya iso wa Yaya da hantsi. Akuya biyu gare shi a duniya a lokacin. Ya kwance mai cikin, ya ja ta a ƙafa har rugar, ya ɗaure ta a turken mutumin, ya roƙe shi ya bar naman yadda yake. Mai ɗakinsa ta yi kwana biyu ba ta dafa da daɗin rai ba, don akuyar da nononta take sa rai. Ni ma na ce masa wannan ai wauta ce. Ya ce tana da ciki ita ma damisar, ya gani a nauyin takunta.

Sai kuɗin fetur suka shigo ƙasa. Wanda bai ga Jibiya a shekarun nan ba ba zai gane ba. Kowa ya zama ɗan kasuwa. Mai a duro-duro, siminti, atamfa, gero, komai tsallakawa yake yi, mota na bin mota. Ni ma Allah ya buɗa mini, daga mota ɗaya na koma huɗu, kuma ba ni da inda zan ajiye su in yi lodi. Duk wanda ya dubi kurmin nan na bakin gada ya san ba wurin da ya kai shi dacewa: ga titi, ga iyaka kusa, ga ruwa. Na sami Yaya a zaure na faɗa masa.

Ya ce, "Ɗauki gonar duka, daga bakin titi har tsamiya. Na bar maka rabona. Ka bar kurmin."

Na ce gonar tana da gangare, mota mai kaya ba ta iya shiga. Ya ce a cike ta. Na ce shi bai san tsadar ciko ba. Daga nan murya ta fara tashi, tawa dai, don shi bai ɗaga tasa ba. Na ce masa duniya ta ci gaba ta bar shi yana tsintar tsinke. Na ce 'ya'yansa ma a motocina suke cin abinci. Wannan kalmar ita ce ta fi muni, kuma na san da muninta na faɗe ta. Ya dube ni, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce, "Muddin ina garin ga, Auta, ba a taɓa shi."

Muddin yana garin. Da wannan na tashi, da shi na kwana, da shi na yi wata biyu ina juyawa.

Lokacin aikin hajji ya matso, shekarar nan kuwa mutane sai tafiya suke yi ta jirgi kamar masu zuwa Katsina. Na je na biya masa kujera. Na san tun yana saurayi ba abin da yake buri kamar ya ga Ka'aba, ya sha cewa da ƙafa ma zai tafi in da hali. Na same shi yana gyaran fartanya na ce, "Yaya, bana da kai za a sauke farali." Ya ajiye fartanyar. Sannan ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Gida ya ɗauki guɗa. Mai ɗakinsa ta durƙusa har ƙasa tana yi mini godiya, ni kuwa na tsaya ina karɓa.

Ranar da za mu raka shi Kano, ya ja ni gefe, ya miƙo mini reshen gezar nan. Ya ce, "Na san ba ka iya karatun sawu. Amma ka riƙa sa a share min yashin, kada shi cushe kahin in dawo." Na karɓa na ce to.

Kwana goma da tashinsu na ɗauko hayar katafila daga masu aikin titi. Kwana uku ta yi. Sarƙaƙiyar da ta fi kakanmu shekaru ta tafi a wuni ɗaya. Kanyar ce ta ba da wahala, sai da aka haƙa gindinta aka sa sarƙa. Da ta faɗi tsuntsaye suka tashi suka rufe sama, suka yi ta kewaya wurin har yamma. Ina zaune a kan bonet ɗin motata ina shan lemo, ina nuna wa direban inda ya rage. Aka zuba burji, aka daddaɓe, aka kafa rumfar kwano da injin wuta. Kafin alhazai su fara dawowa har masu tuwo da masu shayi sun kama wuri.

Ya dawo lafiya, ya yi fari, ya yi kyau. Aka yi kwana biyu ana zuwa shan zamzam da cin dabino. Ni ya kawo mini carbi da darduma, ya ce ya ambaci sunana a Arfa. Ba wanda ya iya gaya masa abin da ya sami kurmin. A rana ta uku, bayan asuba, ya fita kamar yadda ya saba. Na bi shi a mota daga nesa na tsaya.

Na ga lokacin da ya iso. Ya tsaya a kan jan burjin, tsakanin durarrukan mai, yaran mota suna ta ce masa barka da sauka. Ya amsa wa kowa. Ya gangara ƙarƙashin gadar, inda yashin ya yi baƙi da bakin mai, ya ɗan jima, ya hauro. Ya nufo motata kai tsaye, ashe ya san ina nan. Na shirya jin zagi, har na tanadi amsa. Ya dafa ƙofar ya ce, "Kanyar nan, ina kunka kai iccenta?" Na ce masu gidan burodi suka saya. Ya ce, "To." Ya juya ya kama hanyar gida a ƙafa.

Bai ƙara tayar da maganar ba. Ya ci gaba da cin tuwo da ni a kwano ɗaya kamar da, yana tura mini nama gabana kamar yadda yake yi tun ina yaro. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Mai ɗakinsa ce ta daina yi mini doguwar gaisuwa, daga lafiya lau ba ta ƙarawa.

Sau ɗaya tak ya roƙe ni abu bayan haka. Farkon damina ta gaba, amininsa ya aiko cewa wani matashin namiji ya baro Baban Rafi ya nufo kudu, mai babban dagi, irin wanda aka daɗe ba a gani ba. A lokacin kuwa, a lissafin Yaya, mace ɗaya ta rage a gefen Rugu da ke kusa da mu, ita da ɗanta. Ya zo har rumfata, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya a gaban teburina. Ya ce, "Auta, kwana uku kaɗai. Ka janye motocin ga, a kashe inji, masu tuwo su koma bakin kasuwa. In wurin ya yi shiru za shi wuce." Ina da lodin da ake jira a Maraɗi. Na ce masa zan duba. Ban duba komai ba.

A rana ta uku da hantsi wani mai wankin mota ya gangara ɗebo ruwa, ya hangi ido biyu a ƙarƙashin gadar. Dabbar ta iso ta tarar ba inda za ta ɓuya, ta maƙale a nan tana jiran wurin ya lafa. Kafin ka ce me, mutane sun taru da sanduna da duwatsu, sun toshe bakin gadar ta ko'ina. Mai gadina ya ɗauko bindigarsa ta toka. Ina rumfa na ji ƙarar.

Da Yaya ya iso har an jawo namijin damisar fili, dillalin fata yana tsaye yana taya shi. Mutane suka buɗa masa. Ya tsuguna, ya duba bai ga ciyawa ba, don ban bar ko ɗaya ba a wurin, sai ya zare tsinke daga tsintsiyar mai tuwo ya auna dagin. Ya shafa kan dabbar. Ya ce, ba da kowa yake ba, "Sauran kaɗan ka kai." Ya tashi ya tafi da tsinken a hannunsa, bai ƙulla shi ba.

Shekarar da ta biyo baya shi da amininsa suka tafi gefen Rugu suka yi kwanaki. Da ya dawo na ji yana gaya wa mai ɗakinsa a tsakar gida, ina daga zaure. Macen ta haihu, da ɗanta ta haihu tun da ba baƙo. Sawun ɗa guda suka gani, yana jan ƙafar baya. Da suka koma bayan wata biyu ba su ga sawun ɗan ba sam. Daga wannan tafiyar bai ƙara fita duba ƙasa ba. Daga gida sai masallaci, jikinsa kuma ya fara saki. Manoman Daddara kuwa suka shiga kwana a gona suna buga gwangwani saboda birai.

Ciwon ajalinsa bai yi tsawo ba. Ranar Litinin bayan azahar na shiga na tarar da shi shi kaɗai, a kwance a kan tabarma, idonsa biyu. Na zauna a gefensa. Na daɗe ina neman ta inda zan fara, ni da nake iya yi wa kwastan magana awa guda ban numfasa ba. Daga ƙarshe na ce, "Yaya, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kujerar nan da na biya maka, ba don Allah na biya ba. Don ka bar garin ne."

Ya ce, "Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da ka zo. Takunka ba na mai kawo albishir ba ne."

Na ce, "To mi ya sa ka tahi?"

"Wa za shi ƙi kiran Ubangiji saboda damisa?" Ya numfasa, ya ɗan huta. "Kuma na ɗauka ba za ka iya ba. Shi ya sa na ba ka reshen. Na ce in ka riƙe shi a hannunka, ka tuna ni na goye ka cikin kurmin nan, za ka ji nauyi. Nan ne na yi kuskuren karatu."

Kuka ya ƙwace mini, irin wanda rabona da shi tun rasuwar Inna. Na kama hannunsa na ce ya yafe mini don girman Allah.

Ya ce, "Nawa na yahe, tun a Arfa, tun kahin in san ko ka yi ko ba ka yi ba. Kada ka ƙara tunaninshi." Ya riƙe yatsuna da ɗan ƙarfin da ya rage masa. "Amma nasu, Auta, ba ni da ikon yahe shi. Ba nawa ba ne."

Washegari bayan la'asar ya cika, da kalmar shahada a bakinsa, kansa a kan cinyata.

Allah Ya jiƙan Yayana, Ya haskaka makwancinsa, Ya karɓi hajjinsa, wanda shi da zuciya ɗaya ya yi shi ko da wanda ya biya ba da ita ya biya ba. Allah Ya ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙurin rashinsa. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan ya sa ni a addu'a, don shekaruna sun ja, kuma har yau ban san ƙofar da zan je in nemi sauran gafarar ba.